Hatimin Ranar Litinin

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Injiniya ce ta saya mini wannan littafi. Ta ce tunda likita ya ce hawan jinina na yawan haɗiye magana ne, in riƙa zubawa a takarda. 'Yata ce, ita kaɗai Allah ya bar mana. Sunan ya bi ta tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da ta kwance mini rediyo ta mayar, ƙusa biyu suka rage a hannunta amma ya ci gaba da magana. Yanzu injiniyar gaske ce a tashar wutar lantarki da ke bayan gari.

To me zan rubuta? Ni masinja ne. Shekara goma sha tara ina aiki a ofishin jakadancin waɗancan mutanen, waɗanda yanzu ba a son jin sunan ƙasarsu a unguwa. Aikina ɗaya ne. Sakatariya ta miƙo mini ambulan, in hau babur in kai Ma'aikatar Harkokin Waje, a buga mini hatimi a littafin karɓa, in dawo. Jakadu shida na yi wa haka. Ban taɓa buɗe ambulan ba, ban taɓa dawowa babu hatimi ba.

Yau uku na kai. A da, uku a sati ne.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Masu rediyo suna ta hasashe, wai dangantaka ta yi tsami, wai ba ta yi ba. Da ni suka tambaya da na hutar da su. A ofishin Akawu nake gane komai.

Akawu shi ne mai karɓar wasiƙu a Ma'aikatar, shi ke riƙe da hatimi. Tare muka tsufa, ni a wannan gefen tebur, shi a wancan. In manya suna shiri, yakan turo mini kujera da ƙafa, ya sa a kawo shayi, mu yi gulmarsu. In an ɗan sami saɓani, akwai kujera, babu shayi. Yau da na shiga, kujerar ma an fitar.

Na ce, "Mutumina, ina kujerata?"

Ya ce, "An kai gyara."

"Ta ƙarfe ce fa."

Bai ɗago ba. Ya hura wa hatimin iska yadda ya saba, ya buga, ya sa hannu, ya turo mini littafin. Sai da na kai ƙofa ya ce a hankali, "Yaya Injiniyarmu?" Na ce tana lafiya. Ya ce in gaishe ta.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sa takunkumi. Babu mai, babu kayan gyara, babu jirgin da zai sauka. An ce magani ba ya ciki, amma mai kantin magani na bakin titi ya rufe tun azahar.

Na rasa yadda zan rubuta shi. An sa mana, ko mun sa musu? A ofis in ana maganar ƙasar nan sai a dube ni a ce "ku". A unguwa in ana maganar ƙasarsu sai a dube ni a ce "ku". Maman Injiniya ta ce in daina zuwa gida da hular kwano mai tambarinsu. Na sa ta a leda.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je aski. Shagon cike, kowa ya zama masanin harkar duniya. Mai aski yana ganina ya ɗaga murya.

"Ga Ƙaramin Jakada! Ku ba shi wuri. Yallaɓai, yaushe za ku sako mana mai?"

Aka yi dariya, na yi tare da su. Shekara da shekaru yake kirana haka, ban taɓa jin zafi ba. Amma yau da ya ɗora mini aska a wuya sai ya ce, "Tsakani da Allah, me ke cikin takardun nan da kake ta jigila?"

Na ce, "Ni masinja ne. Ba na buɗewa."

Wani da ban sani ba, mai baƙar riga a kusurwa, ya ce, "Ai mai ɗauka ya fi mai rubutawa sanin nauyi."

Ba wanda ya yi dariya. Mai aski ya gama da sauri, har ya bar mini gashi a bayan kunne. Maman Injiniya ce ta gani, ta ɗauko almakashi tana mita, wai mutum ya biya kuɗin aski ya dawo da rabin kai.

Talata, 11 ga wata, da azahar

Ambulan biyar. Layin mai ya zagaye gidan mai sau biyu, ya fita babban titi.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe takwas na yamma

Injiniya ta dawo gida bayan kwana biyu. Yanzu kwana suke yi a tashar, kowa da ranarsa, saboda babu motar da za ta riƙa kai su tana dawowa. Ta rame. Baƙin mai ya shige mata ƙarƙashin farce, uwarta ta zaunar da ita tana goge mata kamar ƙaramar yarinya.

Na tambaye ta aiki. Ta ce, "Baba, injina huɗu ne, biyu sun tsaya. Muna ciro kayan matattun muna sa wa masu rai. In na uku ya tsaya, sai mu zaɓa, ko asibiti ko gidan ruwa."

Na ce ba za a samu kayan a wani wuri ba?

Ta yi murmushi. "Mutanenka ne suka gina ta. Ko ƙusa sai tasu."

Uwarta ta ce, "Ki daina ce masa mutanensa."

"Wasa nake, Mama." Sannan ta ce, tana duban hannunta, "Taswirar wurin ma tana hannunsu. Sun fi mu sanin inda kowace waya ta bi."

Ta ce an kawo sojoji bakin ƙofa, kuma yanzu kowa zai ajiye wayarsa a akwati kafin ya shiga. In mun kira ba ta ɗauka ba, kada hankalinmu ya tashi. Na ce wa ya ce miki hankalina yana tashi? Ta ce, "Ga shi ka sa gishiri a shayi." Na duba, da gaske gishiri na sa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An ce za a zauna a wata ƙasa ta uku. Manya sun tafi da jirgi guda, ashe dai akwai mai.

Kujera ta dawo! Akawu ya turo mini ita da ƙafa. Babu shayi, amma ya ɓare alewa biyu ya ba ni ɗaya. Na dawo gida ina waƙa a kan babur. Maman Injiniya ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

An tashi daga zaman ba a ko gaisa ba. Haka rediyo ya ce.

Matar Jakada ta tafi da yara yau da safe ta hanyar mota. Wai hutu. Na ga masu hutu da yawa a ofishin nan, ban taɓa ganin wadda ta tafi hutu da karen gida da hotunan bango ba.

Injin yanka takardu bai huta ba tun safe. Da ya yi zafi ya tsaya, sai suka koma ƙonawa a cikin ganga a bayan gareji. Toka ta cika mini sirdin babur. Mai shara ya tambaye ni me ake ƙonawa, na ce tsofaffin jaridu. Ya ce, "Da mai gadi a tsaye a kai?"

Ba a ba ni ambulan ko ɗaya ba yau. Na fi son ranar biyar.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An tafi da direban ofishinmu daga gidansa. Abin da ya yi kawai, ya gaya wa surukinsa ya kwashe iyali daga kusa da gada. Surukin ya gaya wa maƙwabci. An ce yaɗa jita-jita ne, an ce leƙen asiri ne.

Ni masinja ne. Ban san komai ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Bari in rubuta wannan daki-daki.

Ƙarfe biyu da kwata Sakatariya ta kira ni. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ta iya harshenmu kaɗan-kaɗan, ta ma zo bikin gama karatun Injiniya. Ambulan ɗaya ce, ba ta da kauri, an like ta da jan danko. Na kama, ba ta saki ba.

Ta ce, "Ka kai yanzu. Ka dawo ka gaya mini lokaci."

Na ce to.

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Wa'adin kwana uku ne. Daga lokacin da suka karɓa." Sannan ta ce, "'Yarka, har yanzu tana can?"

Na ce tana can. Ta sakar mini ambulan.

Tafiyar minti ashirin ce. Yau kusan awa ɗaya da rabi na yi. Masu zanga-zanga sun tare babban titi, na bi ta kasuwa, layin mai ya toshe. Na bi ta bayan asibiti, sojoji suka tsayar da ni saboda lambar babur ɗin, suka juya katina gaba da baya kamar za su ga wani abu sabo. Uku da minti arba'in na isa. Tagar karɓar wasiƙu ƙarfe uku ake rufe ta.

Na sami Akawu yana kulle durowa, jakarsa a kafaɗa.

"Mutumina, ka makara."

"Ka taimaka. Ta gaggawa ce."

"Wacce ce ba ta gaggawa ba a cikin watan nan?"

Ya dubi jan dankon, ya dube ni, ya sauke jakar. Ya ce saboda ni ne kawai. Ya fito da hatimin ya fara murza lambobin kwanan wata. Ƙa'idarsu ke nan tun kafin a ɗauke mu aiki: duk wasiƙar da ta zo bayan ƙarfe uku, kwanan ranar aiki ta gaba za ta ɗauka. Ya wuce Asabar, ya wuce Lahadi. Ya hura, ya buga. Litinin, 24.

Na ce, "Za ta hau sama yau?"

"Wa ke sama? Duk sun watse. Litinin da safe ita ce ta farko a tire." Ya jefa ta a durowa ya murza mukulli.

Da na koma ofis, Sakatariya tana tsaye a cikin kwalaye, waya a kunne. Ta ɗaga mini gira. Na ce na kai. Ta ce ƙarfe nawa? Na ce uku da arba'in. Ta rubuta a bayan hannunta ta wuce. Ba ta nemi littafin ba.

A hanya na yi ta lissafi. A aikinmu, wasiƙar da ba a buga wa hatimi ba, ba ta iso ba. Na ga an mayar da jakada guda da kunya a kan haka, yana rantsuwa ya aiko, aka ce ina hatimi? Ranar da hatimi ya faɗa, ita ce ranar karɓa. To Litinin. Talata, Laraba, Alhamis. Ashe makarar da na yi alheri ce, na ƙara wa ƙasa kwana uku.

Alhamis ke nan.

Na duba takardar juyin aikin Injiniya da ke manne a jikin firij. Gobe Asabar tana ciki. Sai kuma Alhamis.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta fita tun da sassafe. Yau ba komai, na sani, amma na kira wayarta sau shida. Na san tana cikin akwati.

Maman Injiniya ta ce me ke damuna. Na ce ciki. Ta ce shekara talatin tana ganin ciwon cikina, ba ya sa ni zama gaban firij ina karatu.

Alhamis. Alhamis.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na jira uwarta ta shiga maƙwabta. Injiniya tana zaune a ƙofar ɗaki tana gyara fanka, ita ko hutu ba ta iya ba.

Na ce, "Ranar Alhamis kada ki je aiki."

Ba ta ɗago ba. "Me ya faru da Alhamis?"

"Ina so ki raka ni asibiti. Idona."

"Idon da ya hango ƙusar da na yar a ƙarƙashin kujera yanzu?"

Ta ajiye sukudireba ta dube ni sosai. Tun tana ƙarama haka take duban abin da take shirin kwancewa.

"Baba, in ka san wani abu, ba ni kaɗai ba ce a can. Mu goma sha ɗaya ne kowace rana."

"Ban san komai ba. Ni masinja ne."

"To me ya sa?"

Na ce, "Tun da aka haife ki, na taɓa roƙonki wani abu?"

Ta ce ba a fashi yanzu, in mutum ɗaya bai zo ba, inji ɗaya ba mai kallonsa. Sai dai musanya. Ta shiga ɗaki da waya, na ji tana dariya da wata. Ta fito ta ce shi ke nan, za ta yi gobe Litinin, ƙawarta ta karɓi Alhamis.

Na ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce amin, amma ranar Alhamis sai na je an duba idon nan da gaske, ba ta yarda da ƙaryar banza ba.

Ban tambayi wace ƙawa ba. Da gangan ban tambaya ba. Yau na ci abinci har na ƙara, kuma ina jin kunyar rubuta hakan.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ta tafi. Ta manta kwanon abincinta, uwarta ta bi ta da shi har bakin titi tana faɗa. Hankalina kwance.

Litinin, ƙarfe uku da minti goma na yamma

A kan benci nake, a shingen sojoji na hanyar tashar. Sun karɓe waya da mukullin babur. Littafin nan yana aljihun ciki.

Da na isa ofis da safe na tarar an sauke tuta. Motoci tara a jere, hancinsu yana duban ƙofa. Na ce a raina, da wuri haka? Ai saura kwana uku. Aka sa mu ɗaukar kwalaye har rana ta take.

Wajen sha biyu Sakatariya ta zo karɓar littattafan da za a ƙona. Na miƙa mata nawa da hannu biyu, shekara goma sha tara babu shafi ɗaya da ba hatimi. Ta buɗe shafin ƙarshe haka kawai. Sai ta tsaya.

"Me ya sa aka rubuta Litinin?"

Na yi mata bayanin ƙarfe uku da ranar aiki ta gaba.

"Ka ce mini Juma'a ka kai."

"Juma'a na kai. Amma karɓa, ai sai yau."

"Yau suka gani?"

"Yau da safe. Ita ce ta farko a tire."

Ta dafe bango. Ta ce tun ranar Juma'a ta aika gida cewa an karɓa uku da arba'in. Daga nan suke ƙirge. Ta dubi agogonta, ni ma na dubi nawa. Asabar, Lahadi, Litinin.

Ta ruga da littafin wurin Jakada. Ya fito da kansa, babu kwat, bai taɓa yi mini magana fiye da gaisuwa ba. Ya dubi shafin ya daɗe. Ya ce an riga an kwance na'urorin magana da gida, zai gwada daga hanya. Na ce, "Yallaɓai, ga hatimi, ga sa hannu. Ƙa'ida ce." Ya ce waɗanda ke ƙirge yanzu ba su san da Akawu ba.

Sakatariya ta kama hannuna. "Amma yau ba ta can, ko? Na gaya maka da wuri."

Na hau babur.

Na kira wayarta, tana akwati. Na kira layin tashar, ba ya shiga. Mai ya ƙare mini a bayan gidan ruwa, na tura, wani mai mota ya tsiyaya mini rabin kwalba don Allah. Na iso nan biyu da rabi.

Na ce wa sojan, "Ɗana, 'yata tana ciki. Ka bar ni in kira ta, ko ka aika a kira ta."

Ya ce, "Baba, ba a shiga."

Na ce to su fitar da kowa, duka goma sha ɗayan, kafin uku da arba'in. Na faɗa. Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Ya kira babbansu. Babban ya dubi lambar babur, ya dubi katina, ya ce, "Ya aka yi ka san lokaci?" Na gaya masa komai, ambulan, jan danko, hatimi. Ya ce in zauna a nan, za a zo a ji bayanina a ofis. Na durƙusa masa. Ya ce in tashi, ni sa'an ubansa ne, kada in ɗora masa nauyi. Ya ce zai sanar da na sama. Na ga ya shiga rumfa, ban ga ya ɗauki waya ba.

Daga nan ana hango bututun hayaƙin guda huɗu. Biyu suna hayaƙi.

Wataƙila Jakada ya sami mutanen ƙasarsu ta waya. Wataƙila na Ma'aikatar sun karanta da safe sun amsa. Wataƙila ba nan ba ne, gada ce, ko tashar jirgi. Allah ka yafe mini, ina roƙon ya zama gada.

Uku da rabi.

Uku da talatin da biyar. Sojan ya miƙo mini ruwa.

Talata, 25 ga wata

Babu wuta.

Laraba, 26 ga wata, da la'asar

Sun sake ni jiya, babu wanda ya ƙara tambayata komai. Yau da hantsi muka kai Injiniya makwancinta. Akawu ya zo, ya tsaya can baya. Bai matso ba, ban je ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mutane sun ragu. Mai aski ya kwashe kujerun da ya kawo aro, ya riƙe kafaɗata ya tafi.

Bayan azahar wata yarinya ta yi sallama, da goyo a bayanta. Ban san ta ba. Ta durƙusa gaban Maman Injiniya, kuka ya hana ta gaisuwa. Da ta samu numfashi ta ce ita ce ƙawarta ta wurin aiki.

"Mama, ranata ce. Litinin tawa ce. Ni ya kamata in kasance a can."

Maman Injiniya ta jawo ta jikinta, ta kwance mata goyon, ta ɗora yaron a cinya. Ta ce kada ta ƙara faɗin haka, kwana ne ya ƙare. Sannan ta ce, "Ni abin da na kasa ganewa, yarinyar nan ba ta taɓa musanya rana ba. Ko zazzaɓi take sai ta je. Me ya kai ta?"

Ina zaune a bakin ƙofa. Da na so, da na tashi na fita.

Yarinyar ta share ido ta ce, "Ta ce Baba ne ya roƙe ta. Ta ce bai taɓa roƙonta komai ba." Ta juyo wurina a durƙushe. "Baba, da ba don kai ba, da ɗan nan ya zama maraya. Allah ya saka maka da alheri."

Na ce amin. Bakina ne ya faɗa.

Ba ta san ranar da na zaɓa mata ba. Yau ce. Da lissafina ya yi daidai, yaron nan da ke wasa da ɗankwalin matata shi ne zai rasa uwa, kuma da na ci abinci.

Maman Injiniya ta miƙe. Ta raka baƙuwar har bakin titi, ta dawo ta wuce ni ta shiga ɗaki. Tun ɗazu take ciki. Yanzu ta kira ni, ba da sunan da ta saba ba, da sunana na yanka. Ta ce in shigo in rufe ƙofa.

Yau Alhamis. Babu abin da ya faru a gari yau, ko ƙarar jirgi ba a ji ba.